Littafin kiwon ƙadandoniya: daga haɗa ƙasa zuwa 'ya'yan farko

4 ga Fabrairu

Yau na gama haɗa akwatin, amma babu ƙadandoniya ko ɗaya a ciki, kuma ba za ta shiga ba sai ƙasar ta kwanta. Irin da zan kiwata ita ce babbar nan baƙa ta gabashin Afirka, wadda masana ke kira Archispirostreptus gigas. Asalinta daga yankin da ya taso daga Kenya zuwa Mozambik ne, a wurare masu ɗumi da danshi. Tana iya wuce santimita 30 a tsawo, kuma in ta samu kulawa takan yi shekara biyar zuwa bakwai, wata ma ta zarce haka. Duk wanda zai ɗauke ta ya sani cewa amana ce ta shekaru.

Akwatin na gilashi ne, tsawo santimita 60, faɗi 40, tsayi 40, murfinsa mai makulli. Makullin dole ne, domin babbar ƙadandoniya tana da ƙarfin tura murfi da kanta ta fice. Na rufe kusan rabin ragar da ke saman murfin don danshi ya zauna, na bar sauran iska ta riƙa shiga.

Aikin gaske yana wajen ƙasa. Na zuba ta zurfin santimita 18. Kusan rabinta ruɓaɓɓen ganye ne da na murmushe da hannu, sai ruɓaɓɓen itace, irin wanda ya yi fari-fari, in ka matse shi ya dagargaje a tafinka, sai baƙar ƙasa da ba ta taɓa ganin takin zamani ko maganin ƙwari ba, da ɗan garin bawon ƙwai. A sama na shimfiɗa busassun ganye masu kauri da ɓawon itace biyu don maɓoya. Ganye da itacen duk na bishiyoyi masu faɗin ganye ne. Waɗanda ganyensu yake tsinin allura, masu ƙaro mai ƙamshi, ba a sa su.

Dalilin wannan wahala shi ne ƙadandoniya ƙasarta take ci. A ciki take kwana, a ciki take saɓa, a ciki take ƙwai, kuma ita ce abincinta na yau da kullum. Mutane da yawa suna cika akwati da ɓawon kwakwa da aka niƙa saboda yana riƙe ruwa kuma yana da kyan gani, alhali babu abin da zai ciyar da ita a cikinsa. Dabbar sai ta yi ta ramewa a hankali, mai ita yana ganin akwati tsaf yana zaton komai lafiya.

Ganyen da itacen sai da suka yi kwanaki a firiza kafin in zuba su, don kada shanshani ko ƙwansa ya biyo su. Shanshani mafarauci ne, ba ya barin ƙananan ƙadandoniya.

Wajen kashe kuɗi, akwatin da na'urar ɗumi ne suka ci kusan duka. Ƙasar lokaci kawai ta ci.

9 ga Fabrairu

Feshin ruwa a gefe ɗaya. Zafi digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, danshi kashi 78 cikin ɗari. Na damƙi ƙasar, ta dunƙule amma ruwa bai ɗiga ba, yadda ake so ke nan.

13 ga Fabrairu

Fumfuna ta ɓarke. Da safe na tarar da farin gashi-gashi ya lulluɓe ɓawon itacen duka biyu da wani sashe na ganyen, har ya fara hawa gilashi. Wannan ba abin mamaki ba ne a sabon akwati: sanyin firiza ya kashe ƙananan halittun da ke cin fumfuna a daji, ita kuma ta samu danshi da abinci babu mai hana ta. Yawanci takan ci abin da za ta ci ta lafa da kanta. Duk da haka ba na son dabbobin su shigo akwatin da iskarsa ke warin rima.

Na fitar da ɓawon na goge na shanya, na kwashe ganyen da ya fi kamuwa, na ƙara buɗe ragar murfin. Sannan na zuba ƙananan ƙwarin nan farare masu tsalle da ake kiwo musamman don wannan aiki, waɗanda masana ke kira Collembola. Ba su wuce milimita biyu ba, fumfuna da ragowar abinci suke ci, kuma ba sa taɓa ƙadandoniya. An ba ni shawarar in haɗa da ƙwarin ƙasa masu sulke da suke dunƙulewa in an taɓa su, su ma suna share akwati, amma na ƙi. In suka yi yawa sukan ɓarnata ƙwai, kuma sukan ciji ƙadandoniyar da ke tsakiyar saɓa.

20 ga Fabrairu

Sun iso, su huɗu: mata biyu manya, namiji ɗaya, da ƙarama ɗaya da ba ta kai rabin tsawon sauran ba.

Gane namiji ba shi da wuya in an san inda za a duba. Na sa kowace a cikin kwano mai haske na leƙa ta ƙasa. Kusan kowace gaɓa ta jikin ƙadandoniya tana ɗauke da ƙafa huɗu, biyu a kowane gefe, kuma da wannan ake bambanta ta da shanshani mai ƙafa biyu kacal a gaɓa. A jikin namiji, in aka ƙirgo gaɓa ta bakwai daga kai, sai a ga giɓi, kamar ƙafafu sun ɓace. Sun rikiɗe ne sun zama gaɓoɓin barbara, suna ɓoye a ciki. Mace ba ta da wannan giɓin.

Babbar cikinsu ta kai santimita 26. Na lura wasu ƙafafunta na baya sun gutsure, bakin gutsuren ya yi baƙi, kuma ba ta kama yatsa da ƙarfi kamar sauran. Zan sa mata ido.

A jikin manyan uku akwai wasu 'yan halittu masu kama da kaska suna kai da kawowa tsakanin ƙafafu. Wanda bai sani ba zai firgita, amma waɗannan masu gudu abokan zamanta ne tun daga daji, datti da ragowar abincin da ya maƙale a jikinta suke ci. Na bar su. Waɗanda ake tsoro su ne masu taruwa wuri ɗaya su manne ba sa motsi, musamman kusa da kai.

Namijin ya dunƙule da na ɗauke shi, ya fitar da wani ruwa rawaya mai wari a yatsuna. Kafin yamma wurin ya koma ruwan ƙasa. Sinadarin benzokwinon ne, yana fita daga wasu 'yan ƙofofi da ke jere a gefen jikinta, kuma shi ne makaminta tun da ba ta cizo ba ta harbi. A fata tabo kawai yake bari ya goge bayan kwanaki, amma in ya shiga ido ko baki yana da zafi ƙwarai, saboda haka wanke hannu da sabulu bayan taɓa ta wajibi ne, kuma yaro ba ya ɗaukarta sai da babba a kusa. Abin sha'awa, wasu dabbobin da gangan suke neman wannan ruwan: akwai birai a Benezuwela da dangin birai na tsibirin Madagaska da suke kama ƙadandoniya su goga ta a gashin jikinsu, kuma masu bincike suna ganin hakan yana kore musu sauro da ƙwari.

23 ga Fabrairu

Duk sun nutse cikin ƙasa. Da dare namijin kawai ya fito ya zaga.

27 ga Fabrairu

Na fara ba su ɗanyen abu a ɗan faranti: yankan kokwamba, kabewa da ɗan tuffa, duk a fere saboda maganin feshin da ke zama a ɓawo. Kokwamba suka fi so, kafin safiya sun rarake tsakiyarta. Amma kusan duk ruwa ce, don haka sau biyu a mako ya isa, kuma abin da ya rage ba ya kwana biyu a akwati. Ganyen da ke sama shi ne ma'aunina. In na ga ya koma jijiya zalla, na san suna cin abin da ya kamata.

Na ƙara garin bawon ƙwai a kusurwa. Ɓawon jikin ƙadandoniya da sinadarin kalsiyam yake yin tauri, kuma wadda ba ta samun isasshe a wajen saɓa take nuna shi.

Na zauna kallonsu da jar fitila, wadda ba ta damunsu kamar fara. Tafiyarsu ita ce ta fara ja na zuwa ga wannan kiwo: ƙafafun suna ɗagawa bi da bi daga baya zuwa gaba, kamar iska na kaɗa doguwar ciyawa, jikin kuma yana tafiya sumul. Irin wannan takan yi ƙafa ɗari biyu da wani abu, adadin yana ƙaruwa da girma. Wadda ta fi kowace yawan ƙafa a duniya ƙarama ce siririya, Eumillipes persephone, da aka bayyana a 2021 bayan an zaƙulo ta daga zurfin ƙasa a yammacin Ostareliya, an ƙirga mata ƙafa 1,306.

6 ga Maris

Na'urar da ke daidaita zafi ta lalace. Ya kamata ta riƙa kashe tabarmar ɗumi, wato shimfiɗar lantarki da ke ɗumama akwatin, in zafi ya kai digiri 27, sai ta maƙale a kunne dare guda. Da safe ma'auni yana nuna 33, gilashin gefen ya yi zafi, ƙasar da ke jikinsa ta bushe ta ja baya har ta bar tsaga. Dukkansu huɗu suna sama da rana tsaka, sun taru a ɗaya gefen, abin da ba su taɓa yi ba.

Abin da ya cece su shi ne tabarmar a jikin gilashin gefe take manne, sama da layin ƙasa. Ƙadandoniya in ta ji zafi ƙasa take nutsawa, domin a daji can ne sanyi yake. Da a ƙarƙashin akwati tabarmar take, da sun yi ta haƙa suna nufar zafin da suke gudu. Wannan shi ne abu ɗaya da zan roƙi duk mai farawa ya riƙe.

Bushewa ta fi zafin kansa haɗari. Fatarsu ba ta da maiƙon da ke hana ƙwari da yawa asarar ruwa, kuma numfashinsu ta wasu 'yan ƙofofi ne da ke gindin ƙafafu, saboda haka busasshiyar iska tana zuƙe su da sauri. Na cire wutar, na zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi a hankali ta kusurwoyi don ya gangara ƙasa, na yi feshi a ganye, na sa kokwamba. Ban cika ruwan ba, domin ƙasa mai caɓi ita ma kisa ce, tana toshe musu hanyar numfashi. Zuwa dare, uku daga cikinsu sun koma ciki. Babbar macen ta tsaya a sama.

Na sayi sabuwar na'ura da ƙarin ma'aunin zafi mai ajiye mafi girman abin da aka kai cikin dare. Kuɗin da ban shirya kashewa ba ne, amma babu ja.

11 ga Maris

Zafi 26, danshi 75. Ƙarin ganye. Fumfuna ta tafi gaba ɗaya, ƙwarin masu tsalle sun yi yawa a ƙarƙashin faranti.

17 ga Maris

Babbar macen ta mutu. Tun daren zafin nan ba ta sake nutsewa ba. Ta daina cin abinci, tana kwance a miƙe a gefen ɓawo, in na taɓa ta ba ta dunƙulewa sai dai ta ɗan lanƙwasa kai. Lafiyayyar ƙadandoniya jikinta a cike yake da tauri, tana naɗewa gam da zarar an taɓa ta. Wannan kuwa gaɓoɓinta sun saki, ana ganin tsakaninsu. Na ware ta a ƙaramin mazubi da ƙasa mai danshi da yankan kabewa kusa da bakinta, ba ta kula ba. Baƙin da ke ƙafafunta na baya ya ƙara hawa gaba. Masu kiwo suna kiran wannan ruɓewar ƙafa, kuma suna danganta shi da ƙasa mai jiƙewa fiye da kima da rashin iska, wanda ke nufin wataƙila tun inda aka ajiye ta kafin ta zo hannuna ta ɗauko shi. Zafin ya same ta ne tana da rauni.

Na daɗe ina dubanta. Manyan da ake sayarwa da yawansu daga daji aka kamo su, babu wanda zai gaya maka shekarunsu ko irin tafiyar da suka sha. Ido yana tafiya ga mafi girma, amma wanda ke son dabbar da za ta daɗe tare da shi ya nemi matsakaiciya, kuma ya tambaya ko a hannun mai kiwo aka haife ta. Hakan ya fi masa, ya kuma fi wa dajin da ake kwasowa.

Na duba ƙafafun sauran biyu manyan ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Ƙaramar ba ta fito ba.

25 ga Maris

Ƙananan ƙudaje baƙaƙe sun cika saman akwatin, suna tashi duk lokacin da na buɗe murfi. Tsutsarsu a ƙasa mai danshi take rayuwa tana cin fumfuna, wato duk abin da ƙadandoniya ke so su ma shi suke so. Ba sa cutar da ita, ɗakin suke dama. Maganin ƙwari kuwa ko kusa da akwatin ba zai zo ba, ko na sauro da ake kunnawa. Na daina ba da ɗanyen abinci na ɗan lokaci, na bar saman ƙasar ya ɗan sha iska alhali cikinta na da danshi, na ɗaura yadi mai laushi a kan ragar, na kafa takarda mai danƙo a waje. A waje kawai, don ƙadandoniya tana iya hawa ta manne.

3 ga Afrilu

Ƙudajen sun ragu sosai. Damuwata yanzu ƙaramar ce, rabona da ganinta tun ranar zafi. Bayan abin da ya sami babbar, zuciyata tana ta raya mini in sa hannu in tona. Ba zan tona ba.

Ƙadandoniyar da ke kan girma dole ta yi saɓa, kuma kafin ta yi takan nutse ta gina wa kanta ɗan ɗaki a cikin ƙasa, ta naɗe a ciki ta daina motsi. Tsohon ɓawon ya tsage ta zame daga ciki, sabon kuwa laushi gare shi ƙwarai, yana ɗaukar lokaci kafin ya yi tauri. Daga nan ta cinye tsohon don ta maido da kalsiyam ɗin da ke cikinsa. Duk wannan yana iya cin makonni. In aka rushe ɗakin ko aka taɓa ta a wannan hali, jikin yana iya tsagewa ko gaɓoɓin su karkace, kuma da wuya ta tashi. Tonon da mai ita zai yi don ya ga ko tana raye shi ne zai iya zama ajalinta.

Abin da nake iya yi shi ne shinshina akwatin. Mushen ƙadandoniya yana da wari mai ƙarfi da ba ya ɓoyuwa. Ƙamshin ƙasa kawai nake ji. Na kuma daina motsa ɓawon itacen da ɗaga akwatin.

12 ga Afrilu

Shiru. Feshi, ganye, ɗan karas.

21 ga Afrilu

Ta fito. Na same ta da dare a kan faranti, launinta ya fi na da haske, ruwan ƙasa mai sheƙi, ƙafafun jajaye-jajaye. Ban ɗauke ta ba, na ajiye ma'auni a jikin gilashi: daga santimita 11 ta koma kusan 13. Alhamdu lillahi. Za ta yi duhu a hankali.

2 ga Mayu

Na ga barbara. Namijin ya bi bayan macen ya hau, ya yi tafiya a kan gadon bayanta har zuwa kai, sannan suka naɗe gaban jikinsu ciki da ciki, suka daɗe a haka. Na kashe fitila na bar su.

Wani abin lura: ƙasar ta sauka da kusan santimita huɗu, kuma samanta ya cika da 'yan dunƙulen kashi masu tauri. Sun cinye wani kaso mai yawa ke nan. Kashin ba shi da wari, kuma ba na kwashe shi, domin ƙananan da za a haifa suna cin kashin manya, ta nan suke samun ƙananan halittun ciki da ke taimaka musu narkar da ganye da itace. Na dai ƙara sabon haɗi a sama ba tare da na juya na ƙasa ba.

Ruɓaɓɓen itace mai kyau yana wuyar samu, don haka na fara haɗa nawa. Garin katako na itace mai faɗin ganye, wanda ba a shafa wa fenti ko magani ba, da garin alkama kusan kashi ɗaya cikin goma, da ruwa daidai damƙi, a cikin bokiti mai murfi da 'yan hudoji. Zai ruɓe da kansa cikin wata biyu zuwa uku.

15 ga Mayu

Bokitin ya ɗauki zafi, yana warin tsami, ina juya shi lokaci-lokaci. Ba ya shiga akwati sai zafin ya mutu, launin ya koma baƙi-baƙi, warin ya zama na ƙasa. In aka zuba shi yana tsakiyar ruɓa, zafinsa da iskar da yake fitarwa suna iya kashe su.

4 ga Yuni

Komai daidai. Macen ta fi zama a ciki yanzu.

27 ga Yuni

Na ɗaga gefen ɓawon itace don in sa ganye, sai ga 'ya'ya. Farare ne, naɗe, tsawonsu bai wuce milimita biyar zuwa shida ba, na hango kamar goma a wuri ɗaya kafin in mayar da ɓawon a hankali. Uwar a cikin ƙasa take zuba ƙwai, kowane ɗaya a lulluɓe da ƙasa da kashi, shi ya sa ba a bambanta shi da sauran dunƙulen da ke akwatin. Wanda ya saba zubar da tsohuwar ƙasa don tsabta yana iya zubar da zuriya guda bai sani ba. Ɗan ƙadandoniya da ƙafa shida kacal yake fara rayuwa, kowace saɓa tana ƙara masa gaɓoɓi da ƙafafu, kuma irin wannan babbar tana ɗaukar shekaru kafin ta balaga. Waɗanda na gani sun riga sun wuce matakin farko.

Wannan ya sauya tsarin da na yi. Canjin ƙasa da na so yi a watan gobe na fasa, babu abin da zai fita daga akwatin nan sai ragowar abinci, shi ma sai na duba ƙarƙashinsa. Farantin ruwa na cire don kada su faɗa, feshi ya wadatar. Ganyen da zan ƙara zan riƙa murmushe shi sosai. Haɗin bokiti ya yi duhu, warin tsamin ya kusa gushewa, ina sa ran zuba kason farko a sama nan da tsakiyar Yuli in Allah ya yarda.

Sai kuma akwati na biyu, na roba wannan karon tun da ya fi sauƙi kuma yana riƙe danshi. Manyan biyu da matashiyar za su koma can da zarar ƙasarsa ta kwanta, don haƙarsu kada ta rushe wa ƙananan ɗakunan saɓa. Gobe zan fara tara ganyensa in sa a firiza.